Ƙwallon Ostiraliya: tambayoyi da amsoshi kan rauni, rashi da halin matasan 'yan wasa

Duk watan Nuwamba akwai daren da samari 'yan shekara 17 da 18 a Ostiraliya ke zama da iyayensu gaban talabijin suna jiran a kira sunansu. Wanda aka kira ya zama ɗan wasan AFL, babbar gasar ƙwallon ƙasar. Wanda ba a kira ba, sai ya tashi a hankali ya shige ɗaki. Abin da ke raba su ba koyaushe iya wasa ba ne. Sau da yawa gwiwa ce da ta tsinke a watan Afrilu, ko uba da ya rasu ana tsakiyar kaka, ko 'yar magana guda da wani ya rubuta a takardar yaro cewa halinsa da gyara.

Wace irin ƙwallo ce wannan? Rugby ce?

A'a. Ba kuma ƙwallon Amurka ba ce, ko da yake ita ma siffar ƙwai gare ta. A birnin Melbourne aka haifi wasan, aka rubuta dokokinsa na farko a 1859. Filin ma kamar ƙwai yake, tsawonsa mita 135 zuwa 185, ya fi filin ƙwallon ƙafa da muka sani girma nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare mutum 18 ne a cikin fili. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshe: ka buga da ƙafa ta ratsa tsakanin na tsakiya biyu, maki 6, ta bi ta gefe, maki 1.

Ana gudu da ƙwallo a hannu, amma sai an doka ta da ƙasa duk bayan mita 15. Ana rungumar mutum a kayar da shi. Ana taka kafaɗar wani a cafe ƙwallo a sama, sannan a faɗo daga can. Ba sulke, ba hular ƙarfe, daga riga marar hannu sai gajeren wando. Babu dokar satar gida, don haka karo na iya zuwar maka ta gaba, ta baya ko ta gefe. Ɗan wasan tsakiya kan yi gudun kilomita 12 ko fiye a wasa ɗaya. Wanda ya kalli minti goma na wasan nan ba zai sake tambayar dalilin yawan rauni ba.

Yaya yaro ke shiga AFL?

Ba a cinikin yaro da kuɗi kamar yadda kulob-kulob na Turai ke yi. Tun 1986 zaɓe ake yi a ƙarshen shekara. Kulob 18 ne a gasar, na 19 daga tsibirin Tasmania zai shigo a 2028. Kulob ɗin da ya ƙare a ƙasan tebur shi ke fara ɗauka, sai na samansa, har a zo kan zakara. Dole yaro ya cika 18 kafin shekarar ta ƙare, kuma galibi kimanin 60 zuwa 70 ake ɗauka a babban zaɓen.

Yaro ba shi da ta cewa kan inda za a kai shi, sai fa in ubansa ya buga wa wani kulob wasa 100, ko ya taso a makarantar horo ta wani kulob. Ɗan Perth na iya kwana a gidansu, washegari ya zama ɗan wasan Brisbane, tafiyar sama da awa huɗu a jirgin sama. Kuma a lura da wannan: yaron da ya fi kowa iya wasa, kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi ne ke samunsa.

Me ya sa shekara ɗaya tak take da nauyi haka?

Domin a cikinta ake yanke hukunci. Daga Maris zuwa Satumba masu farautar 'yan wasa na bin yaro fili-fili, a gasar 'yan ƙasa da 18 ta jihar Victoria, ko a gasannin Adelaide da Perth, ko a gasar jihohi. A Oktoba a tara su a gwada gudun mita 20, gudun kilomita 2 da tsalle, likitoci su dudduba kowace gaɓa, wakilan kulob su zaunar da yaro su yi ta jefa masa tambayoyi. A daidai wannan lokaci ne kuma yawancinsu ke rubuta jarrabawar gama sakandare. Duk abin da ya sami yaro cikin waɗannan watanni, ciwo ne ko mutuwa ce a gida, da shi za a auna shi.

Wane rauni aka fi tsoro?

Wanda ya fi yawa shi ne yagewar tsokar bayan cinya, amma wannan makonni ne mutum ya dawo. Wanda ke sa filin wasa ya yi tsit shi ne tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Ita ke hana ƙashin ƙauri zamewa gaba da murɗewa. Sau da yawa ba wanda ya taɓa yaron: ya diro daga tsalle ne, ko ya juya da sauri ƙafa na kafe a ƙasa. Maganinta tiyata, a yanko wata jijiya daga jikinsa a dasa, sannan jinyar kusan shekara guda. Wanda ta taɓa tsinke masa kuma ya fi wanda ba ta taɓa ba haɗarin sake tsinkewa, a wannan gwiwa ko a ɗayar.

To in ta tsinke kafin zaɓe, shi ke nan an gama da yaro?

Ba a gama ba, sai dai darajarsa kan sauka. Jake Lever bai buga ko wasa ɗaya ba a 2014, shekarar zaɓensa, saboda gwiwa. Adelaide ta ɗauke shi a lamba 14, kuma a 2021 ya ci kofi da Melbourne. Max King ya tsinke tasa a farkon 2018, duk da haka St Kilda ta ɗauke shi a lamba 4. Joel Selwood kuwa tsoron gwiwarsa ne ya sa aka tsallake shi har lamba 7 a 2006. Geelong ta ɗauka, ya buga mata wasa 355, ya ci kofi huɗu.

Amma kada waɗannan sunaye su rufe mana ido. Dukansu an riga an san su tun suna 16, an ga abin da za su iya. Yaron da ke matsakaici, wanda yake buƙatar wannan shekara don ya nuna kansa, shi ne raunin ke kashe wa kasuwa, kuma shi ba mai rubuta labarinsa.

Akwai wanda gwiwa ta hana shi sakat duk da haƙurinsa?

Alex Johnson na Sydney Swans. Yana ɗan shekara 20 ya ci kofin 2012 a matsayin ɗan baya, kowa na ganin shekara goma ce a gabansa. A wasan share fage na 2013 gwiwar hagu ta tsinke. Aka yi tiyata, ba ta yi ba. Aka sake, ƙwayoyin cuta suka shiga gwiwar suka ƙi fita. Sau biyar aka sake gina masa wannan jijiya, ban da sauran ayyukan da aka yi ta yi a gwiwar. Abokan da suka ci kofi tare wasu suka yi ritaya, yaran da aka ɗauka bayansa suka zama manya, shi yana nan yana koyon tafiya karo na biyu, na uku, na huɗu.

A Agustan 2018 ya dawo ya buga da Collingwood, kwana 2,136 rabonsa da wasan AFL. Sydney ta yi nasara. Mako guda bayan nan, a MCG, babban filin birnin Melbourne, tun a zangon farko na wasa da Melbourne, gwiwar dama ta tsinke, mai lafiyar, wadda ta ɗauke shi duk waɗannan shekaru. A ƙarshen kakar kulob ya sallame shi. Wasa 47 ya buga a rayuwarsa.

Na kawo labarinsa ne saboda masu cewa wanda ya dage dole ya dace. Ba a taɓa jin wanda ya zargi Johnson da ragwanci ba. Daniel Menzel na Geelong an sake gina masa gwiwa sau huɗu, ya dawo a 2015 ya zura huɗu a wasansa na farko, ya ƙara shekaru yana bugawa. Will Ashcroft na Brisbane ya tsinke tasa a 2023, shekararsa ta farko, ya dawo ya zama gwarzon wasan ƙarshe na cin kofi a 2024 yana ɗan shekara 20, ya maimaita a 2025. Haƙurin ukun nan ɗaya ne. Jiki ne kowa da irin nasa, rabo ma haka.

Me ya fi wahala a zaman jinya?

Kaɗaici. Ka ƙaddara yaro ne ɗan shekara 19, wata huɗu da yi masa tiyata. Da sassafe yana kan keken motsa jiki a cikin ɗaki, ta gilashin taga yana hangen abokansa a fili suna atisaye, yana jin ihunsu sama-sama. Jadawalinsu daban, nasa daban: ƙanƙara a gwiwa, lanƙwasa, miƙe, tafiya cikin ruwa. Da rana a kira taron shirin wasan Asabar, ya zauna a kujerar baya, har a tashi ba a ambaci sunansa ba. Da yamma ya koma gidan mutanen da kulob ya ajiye shi a wurinsu. Mahaifiyarsa ta kira daga wata jiha ta ce yaya ƙafar, ya ce da sauƙi. Kwantiraginsa na farko gajere ne, kuma yana ƙirga watannin da suka rage.

Yaron da ke cikin wannan hali in ya makara zuwa gashin ƙashi sau biyu, ko ya daina dariya, ko ya mayar wa mai horo da magana, abu ne mai sauƙi a ce ya lalace.

Buguwar kai fa? Ana ta maganarta.

Ita ce babbar damuwar wasan yanzu. Ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a ƙoƙon kai, karo mai ƙarfi na girgiza ta, kuma ba dole sai mutum ya suma ba. Alamominta ciwon kai, jiri, haske ya riƙa damun ido, mantuwa, rashin barci, saurin fushi. Hular soso da wasu ke sawa tana kare fata daga tsagewa, amma ba ta hana wannan girgiza.

Paddy McCartin shi aka fara ɗauka a zaɓen 2014. Sau takwas ya samu buguwar kai a St Kilda, wasa 35 kawai ya buga mata kafin su rabu a 2019. Ya dawo da Sydney a 2022, ya buga tare da ƙaninsa Tom har wasan ƙarshe. A Afrilun 2023 kansa ya taɓa ƙasa, taɓawar da a ido ba ta kai ta kawo ba, ya kasa tashi daidai. Bai sake bugawa ba. A 2024 Angus Brayshaw ya ajiye wasa yana da shekara 28, Nathan Murphy yana da 24. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Aiden O'Driscoll: Western Bulldogs ta ɗauke shi a Nuwamban 2023, ya yi karo a wurin atisaye a Janairu, likitoci suka ce ya haƙura. Shekararsa 18, bai buga wasan AFL ko ɗaya ba.

Abin da ya tayar da hankalin hukumar AFL shi ne binciken ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu. An sami cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai kuma ba a tabbatar da ita sai bayan mutuwa, a ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasa Polly Farmer, Danny Frawley, Shane Tuck da Heather Anderson. Tun 2021 wanda ya bugu a AFL ba ya komawa wasa sai bayan kwana 12 aƙalla. Daga 2024 aka mayar da shi kwana 21 a ƙananan gasanni da wasan yara.

Matsalar da doka ba ta iya magancewa ita ce ɓoyewa. Yaron da ya san masu farauta na bakin fili, kuma saura wasa uku kaka ta ƙare, zai ce garau yake ko da yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Shi ya sa bai kamata a bar masa hukuncin ba.

'Yan mata ma suna bugawa?

Ƙwarai. Gasar mata ta AFLW ta fara a 2017 da kulob 8, zuwa 2022 duka 18 sun shiga. Tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi yawa a wurinsu fiye da maza. Nina Morrison, wadda Geelong ta fara ɗauka a zaɓen 2018, wasa ɗaya ta buga jijiyar ta tsinke a wurin atisaye, ta dawo, ta sake tsinkewa a 2020.

Yaya rashi ke shafar wasan matashi?

Gwiwa ana ɗaukar hotonta a nuna wa koci, likita ya ce wata goma sha biyu. Alhini ba shi da hoto, ba shi da ranar warkewa. Yana hana barci, yana hana cin abinci, yana ɗauke hankali, kuma wasan nan na mutum ne da zai yanke shawara cikin ƙiftawar ido alhali ana rugo masa ta ko'ina. Wanda bai yi barci ba, jikinsa ma ba ya murmurewa daga atisaye yadda ya kamata.

Todd Marshall ɗan garin Deniliquin ne, Port Adelaide ta ɗauke shi a 2016. Tsakanin ƙarshen 2017 da Afrilun 2018 ya rasa mahaifiyarsa, ya rasa mahaifinsa. Shekararsa 19, a garin da ba nasu ba, ana tsakiyar fara saninsa. Kulob ya ba shi hutu ba tare da ƙayyade masa ranar dawowa ba, ya koma cikin 'yan'uwansa, da ya shirya ya dawo ya ci gaba da zura ƙwallaye shekaru bayan nan. A ganina abin da kulob ya yi daidai shi ne rashin sa ranar. Ko Dustin Martin na Richmond, wanda sau uku yana zama gwarzon wasan ƙarshe, da mahaifinsa ya rasu a Disambar 2021, wasa ɗaya ya buga a sabuwar kaka ya ɗauki hutun makonni. In ƙato ɗan shekara 30 mai kofi uku ya buƙaci haka, ina ga yaro?

Wani kuma filin ne mafakarsa, awa biyun da ba ya tuna komai. Irin wannan zai buga wasan da ya fi kyau a makon jana'iza, kowa ya yaba, sai bayan wata uku abin ya danne shi, lokacin da masu gaisuwa sun watse kuma kowa ya ɗauka ya wuce.

An ce 'yan asalin ƙasar suna da nasu tsarin makoki. Yaya kulob ke yi da shi?

Aborijinawa da mutanen tsibiran arewa sun ba wasan nan wasu daga cikin gwanayensa mafiya burgewa. A wurinsu makoki wajibi ne na dangi, yana iya ɗaukar makonni, kuma garuruwan da yawa suna da nisan da sai an haɗa da ƙaramin jirgi. Mu da muka san zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba sai an yi mana dogon bayani ba: akwai rashin da in ba a gan ka ba, ka bar abin faɗa har abada.

A al'adar da yawa daga cikinsu ba a ambatar sunan mamaci na wani lokaci. Da mahaifin Willie Rioli, ɗan tsibiran Tiwi, ya rasu a 2022, sunansu ɗaya da ɗan, sai ya ajiye sunan ya koma Junior Rioli har tsawon lokacin makokin. Masu sharhi a rediyo da talabijin suka bi shi a haka. Wannan ci gaba ne. A da, yaron da ya tafi gida makoki ya daɗe, cewa ake yi ba shi da kishin wasa, kuma wannan zato ya sa an guje wa ɗaukar yara da dama daga ƙauyukan nesa.

In rashin na kulob ne gaba ɗaya fa?

Ya faru ba sau ɗaya ba. Troy Broadbridge na Melbourne ya rasu a ambaliyar tsunami ta 2004 a Tailan, kwanaki kaɗan da aurensa, yana da shekara 24. John McCarthy na Port Adelaide ya rasu a Las Vegas a 2012 yana da 22. Ranar 3 ga Yulin 2015 aka kashe kocin Adelaide, Phil Walsh, a gidansa. Aka soke wasansu da Geelong aka raba maki. A daren ranar, bayan wasan Collingwood da Hawthorn a MCG, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka zo tsakiyar fili suka yi da'ira, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, riga ɗaya tana bin wata, ba waƙar nasara, ba kiɗa, dubban mutane sun yi shiru. Sauran kulob suka yi haka duk ƙarshen makon. Yaran Adelaide da yawa ba su wuce 20 ba, kuma shekara guda kafin nan sun binne mataimakin koci Dean Bailey. Duk da haka suka kai zagayen ƙarshe na gasar a wannan shekara.

Me kulob ke nufi in ya ce yana duba halin yaro?

Yana zuwa atisaye a kan lokaci? In an gyara masa kuskure yana ji? In ƙwallo ba ta hannunsa yana gudu don wani? In ana cin su yana sakin jiki? Me yake ci, da wa yake yawo, me yake sawa a shafukansa na intanet? Ana tambayar malamansa da kocinsa na unguwa, a je har gida a zauna da iyaye. Ban ga laifin wannan ba. Wasan mutum 18 ne, rago ɗaya na iya ɓata aikin sauran, kuma kulob na da damar zaɓe 'yan kaɗan a shekara.

Ai hali zanen dutse ne. Ba gara a guje wa mai matsala tun wuri ba?

A nan nake rabuwa da masu wannan magana. Halin dattijo ne zanen dutse. Na ɗan shekara 17 laka ce ɗanya, kuma sau da yawa abin da ake gani a fuskarsa ba halinsa ba ne, nauyin da yake ɗauke da shi ne. A sake duba alamomin buguwar kai da na ambata: saurin fushi, mantuwa, rashin tattara hankali. A duba na alhini: makara, shiru, janye jiki daga mutane. A duba na doguwar jinya. Sannan a ɗauko jerin abubuwan da ake kira mugun hali a ajiye kusa da su. Kusan jeri ɗaya ne. Mai farauta da ya ga yaro sau shida a shekara, daga bakin fili, ta yaya zai bambance?

Kuma tambari in ya hau yaro yana da wuyar gogewa, domin masu wannan sana'a junansu suke ji. Jack Darling ana sa ran zai fita cikin na farko-farko a 2010, rahotannin abubuwan da suka faru a wajen fili suka sa ya zame har lamba 26. West Coast ta ɗauka, ya buga mata kusan wasa 300, ya ci kofin 2018. Marlion Pickett ya yi zaman gidan yari yana saurayi, shekaru ana tsallake shi duk da an san gwani ne a gasar Perth. Richmond ta ɗauke shi a tsakiyar 2019 yana da shekara 27. Wasansa na farko a AFL shi ne wasan ƙarshe na shekarar, gaban mutum dubu ɗari, rabon da a ga wanda ya fara da wasan ƙarshe tun 1952. Ya zura ƙwallo, suka ci kofi, suka sake ci a 2020.

Ba ina cewa babu yaron da ya ɓarar da damarsa da hannunsa ba. Akwai, kuma wani an ba shi dama uku ya zubar. Abin da nake cewa, kafin a rubuta cewa yaro ba ya ji, a tambaya me ya same shi a bana.

Wanda aka ɗauka a lamba ɗaya ai ya huta ko?

Tom Boyd ne amsar wannan. Shi ne lamba ɗaya a 2013. Bayan shekara guda ya bar kulob ɗin da ya ɗauke shi ya koma Western Bulldogs da kwantiragin shekara bakwai da aka ruwaito ya kai kimanin dalar Ostiraliya miliyan 7, yana ɗan shekara 19. Daga ranar duk ƙwallon da ya ɓarar sai an lissafa masa kuɗinta a jarida da rediyo. A wasan ƙarshe na 2016 ya zura uku, ɗaya daga tsakiyar fili, kulob ya ci kofinsa na farko tun 1954. A ido ya gama samun duniya. A 2017 ya ɗauki hutu saboda ciwon damuwa, bayan dogon lokaci barci na gagararsa, ga ciwon baya. A Mayun 2019 ya ajiye wasa yana da shekara 23, wasa 61, ya bar sauran kuɗin kwantiragin. Tun daga nan yake zagayawa yana magana kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Lokacin da yake fama, da yawa cewa suke yi kuɗi ne suka sa shi sanyin jiki.

Wanda ba a kira sunansa ba a daren zaɓe, ina ya nufa?

Gasannin jihohi, yana aiki da rana yana atisaye da yamma. Ƙofa ba ta rufe ba, akwai zaɓen 'yan jiran gado, wato 'yan wasan ajiya, akwai na tsakiyar kaka da aka dawo da shi a 2019. Sam Mitchell an ce gajere ne kuma ba ya da gudu, aka tsallake shi a 2000. Hawthorn ta ɗauke shi a lamba 36 a shekara ta gaba, ya ci kofi huɗu da lambar Brownlow ta gwarzon gasa, daga baya ya zama kocin kulob ɗin. Tom Stewart kafinta ne yana buga wa ƙungiyar unguwa, Geelong ta ɗauke shi a 2016 yana da shekara 23, sau biyar yana shiga jerin gwanayen shekara. A nan kam hali na aiki a fili, domin ba mai tilasta wa wanda ya wuni yana aikin gini ya fita gudu da magariba.

Wane taimako ake ba su yanzu?

Kowane kulob na da ma'aikatan da aikinsu kula da rayuwar ɗan wasa a wajen fili, masauki, karatu, koyon sana'a, da likitocin halayyar ɗan Adam. Ƙungiyar 'yan wasa ta AFL tana haɗa na yanzu da tsofaffi da masu ba da shawara a asirce, ba tare da koci ya sani ba, kuma wannan sirri shi ne ginshiƙin abin, don yaro ba zai faɗi damuwarsa ga mai fitar da sunayen wasan Asabar ba. Tun 2021 St Kilda ke ware wasa guda a shekara don tunawa da Danny Frawley da tara kuɗin lafiyar ƙwaƙwalwa. Da laƙabinsa ake kiran wasan, Spud, wato dankali, domin gidansu manoman dankali ne.

Giɓin yana ƙasa. Yaron ƙungiyar ƙauye, wanda kocinsa ɗan sa-kai ne kuma mai ɗaure masa ƙafa mahaifin abokinsa ne, ba ya samun ko rabin wannan. Haka wanda aka sallama yana da shekara 20, ya kwashe kayansa a jaka a watan Oktoba.

Akwai Musulmi ko ɗan Afirka a wasan?

Akwai. Bachar Houli, ɗan asalin Labanan, ya yi shekara huɗu a Essendon bai samu gurbi sosai ba, ya koma Richmond ya ci kofi uku, a 2017, 2019 da 2020. Yana azumi yana atisaye, ya yi ƙoƙari har aka samar da ɗakunan salla a manyan filaye, ya kafa makarantar horo ta yaran Musulmi. A 2020, da mahaifiyarsa ta kwanta rai a hannun Allah da cutar korona, bai bi tawaga zuwa sansaninta ba sai daga baya, kulob bai matsa masa ba.

Majak Daw a Khartum aka haife shi a 1991, iyalinsa suka bi ta Masar suka isa Ostiraliya a 2003. Shi ne haifaffen Sudan na farko da ya buga AFL. North Melbourne ta ɗauke shi a 2009, sai 2013 ya fara bugawa, bugunsa na farko ya shiga. Shekaru yana ɗauke da sunan al'umma guda a kafaɗarsa, yana shan zagin wariyar launin fata daga bakin fili, ana cewa jiki gare shi amma bai fahimci wasa ba. A 2018 aka mayar da shi baya ya yi kakar da ta fi kowace kyau. A Disambar wannan shekara, cikin matsananciyar damuwa da daga baya ya yi bayaninta da bakinsa, ya samu mummunan rauni, ƙugu da ƙashin kwatangwalo suka karye. Sai da ya sake koyon tafiya.

A Agustan 2020 ya dawo ya buga da Adelaide. A zangon ƙarshe ya cafe ƙwallo a gaba, ya ja da baya, ya buga ta ratsa tsakiya. Abokan wasansa suka rugo daga kowane lungu na filin, har 'yan baya, suka rufe shi. A ƙarshen kakar North Melbourne ta sallame shi. Melbourne ta ɗauke shi a 2021, ya yi ta bugawa a ƙungiyarta ta biyu, rauni ya sake kama shi, ya ajiye wasa a 2022.